Muhawara: Lezar faiba za ta iya fata da ƙwarya, ko ƙarfe kaɗai ta sani?

Mai Tambari, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masu injin leza ce. Nawa faiba ne, wat 30, ƙirar Raycus, lensinsa na cin milimita 150 da 150. Aikina zobba, kofunan ƙarfe, makullai da farantin suna da ake liƙawa a ƙofar ofis. A kan ƙarfe ba ni da kuka, alhamdu lillahi. To yanzu masu kawo aiki sun fara zuwa da abin da ba ƙarfe ba. Wata ƙungiyar mata na son a sa musu suna a jikin ƙore da jakunkunan fata na Marwa da za su raba a taronsu, wani kuma ya kawo allon katako. Na gwada katakon, wani wuri ya ƙone ƙurmus, wani wuri ko alama babu, kuma saiti ɗaya ne. Saitin ne ban iya ba, ko dama injin ba aikinsa ba ne? Ban ba matan amsa ba tukuna.

Ɗan Kusiri: Wa alaikumus salam. Karɓi aikin kawai ɗan'uwa. Faiba babu abin da ba ta ci. Rage ƙarfi, ƙara gudu, shi ke nan. Ni na yi bayan waya, na yi caja, na yi biro, na yi tayil, duk da irin injinka.

Injiniya, Ngaundere: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena na Kusiri, abubuwan da ka lissafa gaskiya ne tana yin su, amma "babu abin da ba ta ci" ɗin nan a janye shi, kada wani ya ɗauka ya yi asarar kayan mutane.

Mai Tambari, hannunka lafiya lau yake. Matsalar daga irin hasken take. Kowace leza da tsawon zangon haskenta. Faiba 1064 nanomita ce. Ta CO2, mai dogon bututun gilashi, 10,600 ce, wato ninki goma kenan. Ƙananan nan masu shuɗin haske da ake kira dayod suna wajen 450, ta UV kuma 355. Abu ba ya zanuwa sai ya sha hasken ya mayar da shi zafi. In bai sha ba, ko dai hasken ya ratsa ya wuce, ko ya watse. Duk wanda ya taɓa fita da baƙar riga a ranar watan Afrilu a Garwa ya san ba daidai take da fara ba, alhali rana ɗaya ce. Ƙarfe na shan 1064 sosai. Farin katako kuwa kaɗan yake sha, mafi yawa yana shiga cikin naman icen ya watse. Sai inda jijiya ta yi duhu, ko ƙulli, ko ƙaro, nan yake kamawa. Da wurin ya fara zama gawayi, shi gawayin yana shan hasken fiye da kima, sai ƙuna ta ruga da gudu a nan, gefensa kuma fari fat. Abin da ka gani kenan. Ba saitin da zai gyara wannan gyara na gaskiya.

Ɗan Kusiri: Yaya Injiniya, to ai na ga hotuna a Facebook, mutane na fitar da hoto a katako da faiba.

Injiniya, Ngaundere: Ka duba da kyau. Yawanci katako ne mai duhu, ko wanda aka shafa wa fenti ko baƙin mai, leza ta ɗauke fentin kawai. Kuma mai sa hoto wanda ya yi kyau yake sawa. Ƙungiya in ta ba ka ƙore ɗari, ɗarin take so su fito iri ɗaya.

Hajiya Mai Kayan Biki, Njamena: Sannunku da aiki. Ni ina da biyun, faiba da CO2, don kayan rabon biki ba iri ɗaya ba ne. Abin da zan ce wa ɗana na Garwa, kada ka raina faibarka, tana da abin da take yi ban da ƙarfe wanda CO2 ba ta kai ta ba. Baƙar roba irin ta caja da rimot da murfin filas, rubutu yake fitowa fari tas kamar daga kamfani, hannu ba ya jin tudu, wanki ba ya goge shi. Madubi kuma ta baya nake yi: in juya shi, in juya rubutun a kwamfuta, leza ta kankare fentin bayan da azurfar, in an kunna ƙwai a bayansa sunan ango da amarya ya haska. Wannan mata na sonsa ƙwarai. Baƙin dutse da baƙin tayil ma suna ba da fari mai kyau. Amma farin gilashi da pileksi mai garai-garai kada ka ɓata lokacinka, hasken wucewa yake ya je ya zana teburin injin a ƙasa.

Ƙwarya kuwa CO2 nake sa wa. Launin da take bayarwa ruwan ƙasa ne mai duhu, kusan irin na zanen wuƙa mai zafi da matan Fulani ke yi.

Mai Tambari, Garwa: Na gode Hajiya. Abin da ke ɗaure min kai, yaya baƙar roba za ta ba da fari? Ni zatona ƙuna baƙi take yi.

Injiniya, Ngaundere: Tambaya mai kyau. Robar nan yawanci ABS ce, baƙinta kuma garin gawayi ne da aka cuɗa a ciki. Leza in ta bugi wurin, sai ya narke na ƙiftawar ido, iska ta taso ta yi ƙananan kumfa, su daskare a haka. Kumfan nan su ke watsa haske, ido ya ga fari ko toka-toka. Farar roba kuma akasin haka, ita duhu take yi. Haka kamfanoni ke rubuta bayanan da ke jikin caja da haruffan wasu allunan kwamfuta. Har katin shaida da shafin fasfo na zamani, waɗanda ake yi da robar polikabonet, da leza mai irin wannan zangon ake ƙona hoto da suna a cikin jikinsu. Saboda haka ba wanda zai ce faiba ƙarfe kaɗai ta sani.

Sirrin roba shi ne kada zafi ya daɗe a wuri ɗaya. Ka fara da gudu mai yawa, kamar milimita 1500 a daƙiƙa, ƙarfi ƙasa da kashi 30, layukan ciko kada su matsu da yawa. Ka yi jadawalin gwaji a kan guntun da ba a so, ƙananan murabba'ai, kowanne da nasa gudu da ƙarfi. LightBurn na da wannan a shirye, a EZCAD kuma da hannu za ka jera. Ka rubuta wanda ya yi kyau a littafi tare da sunan kayan, don roba biyu masu kama ɗaya a ido na iya bambanta a ƙarƙashin leza.

A nan ne MOPA ta fi taka. Irin taka tsawon bugunta a ƙayyade yake, wajen nanosakan 100 ko sama da haka. MOPA, kamar JPT M7, kana iya gajarta bugun har nanosakan 2 ko ka tsawaita shi zuwa 500. Gajeren bugu na canza launi kafin robar ta samu damar narkewa ta kumbura. Amma ko MOPA ɗin 1064 ce. Ba za ta sa farin katako ya sha abin da ba ya sha ba.

Baba Baduku, Marwa: Salamu alaikum. Jikana ne ke karanta min maganganunku, shi ke rubuta wannan. Ni ban san injinku ba, fata na sani, a cikinta na tashi. Yaro na Garwa, kafin ka sa wuta a jakar mutane ka fara sanin wace fata ce. Tamu ta nan da bagaruwa ake jeme ta. A jiƙa ta a toka a cire gashi, a wanke, a tsoma a ruwan bagaruwa, a shafa mai, a buga ta har ta yi laushi. Ja da karan dafi muke yi, baƙi da kuloko. Fuskar fatar nan, wato gefen da gashi ya fita, ita ce ƙarfinta, kuma siririya ce, musamman ta akuya da ta tunkiya. In ka ƙone fuskar ka kai ga naman ciki, jakar za ta yi kyau ranar taro, bayan damina ɗaya wurin rubutun ne zai fara tsagewa. Mai jaka ba za ta ce injin Garwa ba ne, cewa za ta yi fatar Marwa ba ta da ƙarko. Wannan shi ke damuna.

Kuma ka sani ba duk abin da ake sayarwa da sunan fatar Marwa ne fata ba. Akwai roba mai yadi a baya da ake shigowa da ita, ana ɗinka jaka da ita saboda araha.

Injiniya, Ngaundere: Allah ya ƙara girma Baba. Maganarka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi a duk abin da aka faɗa yau, ina roƙon kowa ya tsaya a kanta. Da yawa daga fatar kanti ɗin nan PVC ce. PVC in ta ƙone tana fitar da iskar da ke da sinadarin kulorin, in ta haɗu da danshi ta zama asid. Danshin hancinka da huhunka da idonka ma danshi ne. Ita ce kuma ke sa kusoshi da sandar injin su yi tsatsa, ta ɓata fuskar lensi. Bututun ruwa, tamfol ɗin talla, bawon wayar lantarki, yawancin katunan roba na makaranta da na ƙungiya, duk PVC ne. In ka ga lamba 3 a cikin alamar nan mai kusurwa uku, ita ce.

In babu alama, ga gwajin da kowa zai iya. Samo tsurar wayar tagulla, ka gasa bakinta a wutar gas har ta daina canza launin wutar. Ka dangwala ta a jikin robar ta ɗan ɗebo, ka mayar cikin wuta. In harshen wuta ya yi kore, akwai kulorin, kada ta shiga injinka, kowane iri ne. A waje za ka yi gwajin, ba a cikin shago ba.

Fata ta gaske ma iri biyu ce. Ta bagaruwa da Baba ya faɗa, da ta kamfani da ake jemewa da gishirin kuromiyom. Ita ta biyun in ka yanka, tsakiyarta toka-toka ce mai ratsin shuɗi. Masu ƙera leza da kansu suna gargaɗi a kanta, domin ƙuna na iya juya kuromiyom ɗin zuwa nau'in da ke jawo ciwon daji.

Ɗan Kusiri: To ni fa na yi katunan roba da yawa, ban ga abin da ya same ni ba. Ɗan wari ne kawai, in kunna fanka.

Malamin Asibiti, Garwa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka auna da "ban ga komai ba". Huhu ba ya kuka da wuri. Fanka kuma juya hayaƙin take yi a cikin ɗaki, yaran shagonka su shaƙa tare da kai. Abin da ake so bututu ne mai zuƙa, bakinsa kusa da inda ake zanen, ya fitar da hayaƙin waje, can inda ba mai zama.

Tunda na shigo bari in faɗi ta ido. Hasken 1064 ido ba ya ganinsa. Jan layin da kuke gani na nuni ne kawai. Tunda ba ka ganinsa, ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa, kuma hasken na ratsa gaban ido ya taru a kan fatar gani da ke can ciki. In ta ƙone ba ta sake tohowa. Aikin madubi da Hajiya ta ambata, da tayil mai sheƙi, duk suna iya mayar da haske gefe. Tabarau na baƙin rana ba ya yin komai, na masu walda ma ba don wannan aka yi shi ba, haka na CO2. Ku duba jikin tabarau ɗin, a rubuce za ku ga zangon da yake karewa, dole 1064 ta faɗa ciki, da OD 5 ko sama. Abin da ya fi ci min rai shi ne shagunan da ke bakin hanya, injin a buɗe, yara sun kewaye suna leƙe, idonsu daidai tsayin tebur. A yi masa akwati ko a sa shi a ɗakin ciki.

Ɗan Kusiri: Na ji Malam. Ta yara ɗin gaskiya ce, zan mayar da shi ciki. Amma har yanzu ina kan bakata a kan fata. Na yi baƙar fata da faiba, ta fito ruwan toka mai kyau, ba ta huda ba.

Hajiya Mai Kayan Biki, Njamena: Baƙa na yi, ban musa ba. Ni ma na yi. Gwada jar nan ta karan dafi ko wadda ba a rina ba ka gani. Wuri ya kama, wuri ya ƙi, kana ƙara ƙarfi sai ta ƙanƙance ta yi tauri a wurin. Jakunkunan rabo kuma ba launi ɗaya suke zuwa ba.

Mai Tambari, Garwa: To in haka ne CO2 zan nema kenan? Don aikin fata da ƙwarya da katako a nan ya fi na ƙarfe yawa, in na faɗi gaskiya.

Injiniya, Ngaundere: In aikin ya tabbata mai ɗorewa ne, eh. Amma ka shiga da idonka a buɗe. Faibarka iska ke sanyaya ta, ba ta da madubai da za ka riƙa saitawa, masu ƙera ta na cewa tana kai awa 100,000. CO2 bututun gilashi ne da ruwa ke zagayawa a ciki, yana tsufa a sake shi, kuma ruwan na son ya zauna ƙasa da digiri 25. A Garwa da zafi ke haura 40 a Maris da Afrilu, ƙaramin CW-3000 ba zai yi maka ba, domin shi fanka ce kawai ke hura ruwan, ba ya iya sauke shi ƙasa da zafin ɗaki. Sai mai kwamfuresa irin CW-5200, shi kuma ƙarin cin kuran ne. Ga hanya: daga tashar ruwan Duwala, jirgin ƙasa ya tsaya a nan Ngaundere, sauran tafiyar duk mota ce. Ka sa a cire bututun a ɗaure shi daban cikin akwatin katako da soso. Ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a madubai uku da lensi, kullum sai an goge.

In kuɗi bai kai ba, ƙaramar dayod mai wat 10 ko 20 na yin fata da katako da ƙwarya da kyau, sai dai tana da nawa. Ga mai sa suna a jaka ta isa.

Hajiya Mai Kayan Biki, Njamena: A ƙara da na'urar daidaita wuta. Kuran in ya dawo da ƙarfi, allon cikin injin yake fara ci. Kuma ƙwarya tana da nata wahalar ko da CO2, saboda gaba ɗayanta lanƙwasa ce. Tsakiyar rubutu na kan saiti, gefe-gefe ya fita, sai ya yi dishi-dishi. Ni gajarta rubutun nake yi, in dasa ƙwaryar a cikin kwanon yashi don kada ta motsa. Ka zauna kusa da ita da ruwa a hannu, busasshiyar ƙwarya ba ta da wuyar kamawa da wuta.

Baba Baduku, Marwa: Ina da shawara in za a karɓa daga tsoho. Injinka ƙarfe ya iya, to ka ba shi ƙarfe. Ka sassaƙa tambarin ƙungiyar a jikin guntun tagulla, haruffan a juye, da zurfi. Mu dukawa mu ɗan jiƙa fatar mu danna shi, ko a ɗumama shi kaɗan. Fatar bagaruwa na riƙe tambari har ta tsufa, fuskarta kuma ba ta ƙone ba. Da ƙarfen bugu muke yin ado tun kakanni, sai dai namu maƙeri ke yi, ba ya iya ƙananan haruffa. In ka yi mana wannan, ba matan nan kaɗai ba, mu ma za mu kawo maka aiki, kowane baduku na son sunansa a jikin kayansa.

Injiniya, Ngaundere: Wallahi Baba ya kawo hanya. Wat 30 na sassaƙa farar tagulla da jan gaci, sai dai a yi ta maimaita zagaye, ana juya kusurwar layukan ciko kowane zagaye don ƙasan ya yi sumul. In akwai ƙaramin lensi mai cin 110 ko 70 ya fi, domin yana tattara hasken wuri ɗaya. Zurfin rabin milimita zuwa ɗaya ya wadatar wa fata. Ka riƙa sauke kan injin kaɗan yayin da ramin ke zurfi, ka bar guntun ya huce.

Ɗan Kusiri: Wannan na tambarin ƙungiya ne. In kowace mace sunanta take so fa? Tambari ɗari zai sassaƙa?

Hajiya Mai Kayan Biki, Njamena: Sai ya yi ƙananan faranti na alminiyom mai launi, kowace da sunanta, a huda gefe biyu baduku ya ɗinke a jikin jaka. Faiba na gama kowanne cikin daƙiƙoƙi. A ƙwarya ma ana iya ratayawa da zaren fata a baki.

Dillalin Shanu, Ngaundere: Salam, ku gafarce ni na shigo a tsakiya. Ni ba ni da inji, aiki nake son bayarwa. Robar kunnen shanu, ruwan ɗorawan nan, da alƙalami muke rubuta lamba, kafin shekara rana ta cinye. Faiba na kama ta?

Injiniya, Ngaundere: Tana kamawa Alhaji, lambobin baƙi da kake gani a kan na kamfani da leza ake yin su. Robar TPU ce, ba PVC ba. Sai dai waɗanda aka yi don leza ana cuɗa musu wani sinadari da ke sa su yi baƙi sosai, marasa shi kuma rubutun kan fito fari-fari ko ya narke. Wajen saye ka ce wa mai kawowa masu karɓar leza kake so. Kafin ka sayi kwali guda, kawo biyu ko uku shago a gwada, a shanya su a rana, a goge da ruwa da yashi a gani.

Mai Tambari, Garwa: Alhaji in ba ka samu mai yi a Ngaundere ba, ba wa direban motar Garwa su, zan gwada maka.

Dillalin Shanu, Ngaundere: Madalla. Bayan cin kasuwa zan aiko, da masu ruwan ɗorawa da masu ruwan lemo, don garke biyu ne.